Bayan Gobara Ta Mutu: Yadda Za Mu Kula Da Masu Kashe Ta

Kowace shekara, daga shigowar hunturu har zuwa faɗuwar ruwan fari, gobara takan yi ɓarna a ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga. Iska ta busar da ciyawa, jinka da zana sun bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. Sa'ad da wuta ta mutu mukan zauna mu yi lissafi. Rumbu nawa suka ƙone? Buhun shinkafa nawa? Awaki nawa? Amma akwai wata asara da ba mu cika lissafa ta ba, watau lafiyar mutanen da suka kutsa cikin hayaƙi suka kashe wutar.

Waɗansunsu sukan koma gida su kasa barci. Waɗansu sukan zama masu saurin fushi. Waɗansu kuma su faɗa shan ƙwaya. Likitoci sun san wannan abu sarai. Yana da dalili, yana kuma da magani. Bari mu duba shi tare, mu ga abin da za mu yi wa juna kafin gobara, da lokacinta, da bayanta.

SU WANE NE MASU KASHE GOBARA A WURINMU?

Na farko su ne 'yan kwana-kwana, ma'aikatan gwamnati. Jihar Kebbi tana da hukumarta ta kashe gobara. Gwamnatin Tarayya ma tana da tata, wadda aka yi wa doka a 1963. Irin waɗannan ma'aikata ne suka yi fama da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ta babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021. An koya musu aikin, kullum kuma suna cikin jiran kira.

Amma motar kwana-kwana sai da hanya. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya rufe ƙauyuka da yawa, aka tayar da mutum wajen 44,000 zuwa sababbin mazaunai. Yau jama'a suna warwatse a tungaye bakin ruwa da kan tsibirai. Akwai wuraren da mota ba ta zuwa sam, akwai kuma inda kafin ta iso wuta ta gama abin da za ta yi. A irin waɗannan wurare masu kashe gobara su ne samarin gari, da masunta, da manoma, da matan da suke ɗauko ruwa daga bakin tafki a guje. Ba su da kwalkwali, ba su da takalmi mai kauri, sai bokiti da ɗanyen ganye.

Wuta kuwa tana da ƙofofi da yawa a nan. Ga murhun bandar kifi da aka bari da dare. Ga jarkar fetur ta injin jirgi a cikin bukka. Ga ƙunar daji ta mafarauta, da rumbun albasa na kara da ciyawa, da wutar jin ɗumi a ɗaki.

Waɗannan mutane dai su ne masu ceto a ruwa. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙasar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai wajen 20 ne kawai. Masunta da gwanayen nutso na yankin suna cikin waɗanda suka yi kwanaki suna tsamo gawawwaki. Nauyin da irin wannan aiki yake bari a zuciya ɗaya yake da na gobara, shawarar da ke cikin wannan bayani kuwa ta shafe su duka.

Akwai abu guda da yake ƙara wa mutumin ƙauye nauyi. Ma'aikacin birni sau da yawa bai san masu gidan da ya ƙone ba. Mutumin tunga kuwa, yaron da ya ɗauko daga wuta ɗan ƙanensa ne, ko ɗan maƙwabcinsa. Gobe ma zai gamu da uwar yaron a bakin ruwa.

ME YAKE FARUWA A CIKIN JIKI?

Da an yi kururuwar gobara, jiki yakan shirya kansa nan da nan. Akwai waɗansu 'yan ƙananan gaɓoɓi biyu a bisa ƙoda. Su ne suke zuba wani sinadari cikin jini, wanda likitoci suke kira adiranalin. Sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya tafi hannuwa da ƙafafu, baki ya bushe. Shi ya sa mutum yakan ɗaga gungumen da ba zai iya ɗagawa ran da hankalinsa yake kwance ba, ya kuma taka garwashi bai ji ba sai daga baya.

Wannan shiri taimako ne, amma na ɗan lokaci ne. Kamar injin jirgi yake. In ka ba shi wuta duka domin ka tsallake igiyar ruwa, babu laifi. In ka bar shi haka dare da rana, zai lalace. Wani mutum, ko bayan gobara ta mutu, jikinsa yakan ƙi saukowa. Yana kwance a ɗakinsa, amma zuciyarsa tana nan a bakin wuta.

Ban da tsoro, akwai zafi da ƙishirwa da hayaƙi. A watan Maris da Afrilu zafin rana a ƙasarmu yakan kai digiri 40. Mai aiki gab da wuta yana iya zubar da gumi fiye da lita ɗaya cikin sa'a guda. A cikin hayaƙi kuma akwai wata iskar guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana hana jini ɗaukar iskar da jiki yake bukata, ta kawo ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da ruɗewa. Duk waɗannan kaya ne a kan zuciya. A Amurka an yi bincike, an buga shi a 2007, aka ga kusan 45 cikin 100 na 'yan kwana-kwanan da suka mutu a bakin aiki ciwon zuciya ne ya kashe su, ba ƙuna ba.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

1. Kasa barci, ko mugun mafarki a kan abin da ya faru.

2. Abin da mutum ya gani ya riƙa dawo masa da rana tsaka, kamar yanzu yake faruwa. Ƙaurin hayaƙi ko kukan yaro ya isa ya tayar masa da shi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

3. Gudun wurin da abin ya faru. Manomi ya canja hanyar gonarsa, masunci ya ƙi bi ta inda jirgi ya nutse.

4. Yawan zabura, da faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

5. Ciwon kai, da ciwon ciki, da faɗuwar gaba, da ƙin abinci.

6. Zargin kai. Za ka ji yana cewa, "Da na yi sauri, da yaron nan bai mutu ba."

7. Janye jiki daga mutane. Wanda ya saba zama a dandali ya koma zaman ɗaki shi kaɗai.

Kada wanda ya ga waɗannan alamu a jikinsa ya firgita. Wannan ba ragwanci ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa hauka ba ne. Haka jikin ɗan Adam yake yi in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Ga yawancin mutane alamun sukan ragu da kansu cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni.

Amma in sun wuce wata ɗaya, har suna hana mutum aiki da zaman lafiya da iyalinsa, to, ya zama ciwo. Ana kiransa ciwon firgita bayan bala'i. Likitocin Amurka sun sa shi cikin jerin cututtuka a 1980, bayan sun ga halin da sojojinsu suka shiga da suka komo daga yaƙin Biyetnam. A 2012 masana suka haɗa bincike daga ƙasashe da yawa, suka ga kamar mutum 1 cikin 10 na masu aikin ceto yana fama da shi. A birnin Niyok, inda 'yan kwana-kwana 343 suka mutu a harin 11 ga Satumba 2001, da yawa cikin abokan aikinsu da suka tsira sun yi shekaru suna neman magani. Waɗannan kuwa jarumawa ne masu horo da kayan aiki. Ashe ba abin kunya ba ne ga kowa.

Akwai kuma nauyin da yake taruwa kaɗan-kaɗan, musamman ga ma'aikatan kwana-kwana. Barcinsu a yanke yake saboda aikin dare. Wani lokaci ba a kira su da wuri ba, ko hanya ta yi nisa, ko ruwan tanki ya ƙare wuta ba ta mutu ba. Sai jama'a su bi su da zagi, wani lokaci har da jifa. Shekara da shekaru a haka, mutum yakan gaji ciki da waje, ya daina damuwa da kowa, jininsa ya hau. Mu da muke taruwa a bakin gobara muna da hannu a wannan. A ba su hanya, a nuna musu inda ruwa yake, a bar zagi.

KAFIN GOBARA

Tsoro ya fi kama mutumin da bai san abin da zai yi ba. Saboda haka shiri shi ne maganin farko.

Dagaci ko mai unguwa ya zaɓi mutum 10 ko 12, a ba kowa aikinsa. Waɗansu su ɗebo ruwa, waɗansu su rushe zana domin a datse wa wuta hanya, waɗansu su fid da yara da tsofaffi. A naɗa shugaba guda wanda za a ji maganarsa. Da shigowar hunturu a yi gwaji ko sau ɗaya.

A ajiye durom na ruwa, da bokitai, da tulin yashi a wurin da kowa ya sani. Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, gama ruwa yana baza ta. Yashi ko ƙasa ake zuba mata. A riƙa ajiye fetur nesa da ɗakin kwana da murhun banda. A share ciyawa kewaye da rumbuna. A rubuta lambar wayar ofishin kwana-kwana mafi kusa, a ba mutum biyu ko uku.

A kuma yi alkawari tun yanzu, a gaban kowa, cewa rai ya fi dukiya. Ba wanda zai shiga ɗaki mai ci da wuta domin buhu ko akwati. In jama'a sun yarda da wannan tun da wuri, ba wanda zai kwana yana zargin kansa don ya bar rumbu ya ƙone.

LOKACIN GOBARA

A yi aiki biyu-biyu, kowa yana duban ɗan'uwansa. A yi karɓa-karɓa. Ƙa'idar 'yan kwana-kwana a Amurka ita ce, bayan minti 20 na aiki mai tsanani mutum ya huta aƙalla minti 10. Ya koma inuwa, inda hayaƙi ba ya zuwa, ya sha ruwa. In akwai hali a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai hawan jini, da mai ciwon ƙirji, da dattijo, a ba su aikin da yake nesa da wuta.

In akwai gawa, manya ne za su ɗauke ta, a rufe ta da wuri. In zai yiwu, kada a bar uba ko ɗan'uwa na jini ya yi wannan aiki. A kori yara daga wurin. A hana ɗaukar hoto da waya, domin hoton zai yi ta yawo yana tayar wa mutane da mikin.

Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi ta Yelwa zuwa Koko da Jega, tankokin mai suna binta dare da rana. In tanka ta faɗi, wannan ba aikin bokiti ba ne. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, mutum fiye da 150 suka mutu, yawancinsu sun je kwasar mai ne. A Dikko ta Jihar Neja, a watan Janairu na 2025, fiye da 80 suka mutu ta haka. Aikin mutanen gari shi ne su kori kowa can nesa, su kira 'yan kwana-kwana.

BAYAN GOBARA

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan taimakon farko ga wanda ya ga bala'i. Kalmomi uku ne, kowa yana iya riƙe su: duba, saurara, haɗa.

Duba. Ya ƙone? Yana tari? Ya sha ruwa, ya ci abinci? Yana da wurin kwana? Sau da yawa mai kashe gobarar shi ma gidansa ya ƙone.

Saurara. Zauna kusa da shi. In yana so ya yi magana, bar shi ya faɗi abin da ke ransa, kada ka katse shi. In ba ya so, kada ka matsa masa. A dā akan tara masu ceto a sa kowa ya bayyana abin da ya gani dalla-dalla. Bincike ya nuna wannan ba ya hana ciwon, hukumar kuwa ta ce a daina. Kada ka ce masa, "Kai ba namiji ba ne?" Gara ka ce, "Sannu da ƙoƙari. Ka yi iyakar abin da za ka iya."

Haɗa. Sada shi da iyalinsa, da abokansa, da limaminsa ko fastonsa, da ma'aikacin lafiya in da bukata. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren farko.

Shi kuma mai kashe gobarar, ga abin da zai yi wa kansa:

1. Ya nemi barci na sa'a 7 ko 8. Ya rage goro da shayi da taba da yamma.

2. In gabansa ya fara faɗuwa, ya zauna, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga 1 zuwa 4, ya fitar da ita a hankali yana ƙirga 1 zuwa 6. Ya yi haka sau 10. Numfashi a hankali yana saukar da bugun zuciya.

3. Bayan hutun kwana ɗaya ko biyu ya koma gona ko su. Zaman banza yana ƙara tunani.

4. Kada ya yi ta gudun wurin da abin ya faru har abada. Ya koma kaɗan-kaɗan, da rana, tare da aboki.

5. Ya riƙe ibadarsa da zumuncinsa, ko a masallaci ko a majami'a.

6. Ya nemi waɗanda suka yi aikin tare, su riƙa gaisawa. Su ne suka fi kowa gane abin da yake ji.

A yi hankali da giya, da wiwi, da tiramol, da kodin. Suna danne tunani na dare ɗaya, gobe ya dawo da ƙarfi, ga kuma jaraba ta ƙaru. Saboda irin ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi wa matasa ne gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Ko ƙwayar barci irin ta baliyam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2013 kada a ba wanda ya ga bala'i ita domin firgita ko rashin barci a watan farko. Kada a saye ta a kasuwa.

GA UWARGIDA DA MUTANEN GIDA

Ku ne za ku fara ganin canji. In maigida ya komo daga gobara ya yi shiru, ko yana zabura cikin dare, ku sani ba ƙinku yake yi ba. Ku ba shi abinci a kan lokaci, ku rage masa hayaniya, ku gaya wa yara babansu ya gaji ne. Amma haƙuri yana da iyaka. In ya fara duka, ko ya shiga shaye-shaye, kada ku ɓoye. Ku gaya wa wani babba da yake jin maganarsa.

Maigida kuma ya tuna, matar da ta yi ta jigilar ruwa, ko ta fid da yara daga ɗaki, ita ma ta ga abin da ya gani. Ita ma tana bukatar hutu da mai saurarenta.

YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI?

A tafi nan da nan in mutum yana ciwon ƙirji, ko numfashinsa yana sarƙewa, ko muryarsa ta dushe bayan shaƙar hayaƙi, ko ya ruɗe bai san inda yake ba. Haka kuma in ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Kada a ɗauki wannan magana wasa. Wani ya zauna tare da shi, a kawar da maganin ƙwari na gona da makami daga kusa, a kai shi wurin likita.

In alamun da muka lissafa sun wuce wata ɗaya ba su ragu ba, a fara da ma'aikacin lafiya na kusa, ko babban asibitin Yauri. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Birnin Kebbi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da yake Kware a Jihar Sakkwato. Yawancin maganin wannan ciwo zama ne da gwanin da aka koya wa aikin, ana magana mako-mako, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Mutane da yawa suna warkewa su koma aikinsu. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Ta ba mai irin wannan ciwo hakkin a yi masa magani cikin mutunci.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Mun saba kai gudummawa ga wanda gidansa ya ƙone, wannan kuwa daidai ne. Sai mu ƙara da waɗanda suka kashe wutar. Hakimi ko dagaci ya kira su ya gode musu a gaban jama'a. In wani ya ji rauni, a yi masa gayya a gonarsa, ko a haɗa masa kuɗin magani. Bayan mako biyu, da kuma bayan wata ɗaya, shugabansu ya zaga ya tambayi kowa yadda yake barci. Shugabannin ofisoshin kwana-kwana su ma su ba ma'aikaci hutu bayan aiki mai muni, su kuma sa a riƙa auna jininsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutumin da muka kula da shi bana, shi ne zai iya fitowa da ƙarfinsa baɗi in kururuwa ta tashi daga gidanmu. Allah ya kiyaye mu da gobara.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. In gobara ta tashi a garinmu yau da dare, wa zai shugabanci aikin, ina kuma ruwa da yashi suke?

2. Su wa suka kashe gobarar da ta wuce, ko suka yi ceto a ruwa? Akwai wanda ya je ya duba lafiyarsu?

3. In ɗayanmu ya kasa barci har wata guda, wurin wa za mu kai shi, wa kuma zai raka shi?